Jan Takalmin Zulfa

Ina cikin kwashe tuwo a rumfata ta bakin boda, direbobi sun cika benci suna yi mini tsiya wai miyar yau ta sha ruwa, sai ga Maman Sunday a guje, ɗankwali a hannu ɗaya, waya a ɗayan. Sunanta Favour, mutuniyar kudancin Kaduna ce. Mijinta ma'aikaci ne a nan Magama, ita kuma kitso take yi a rumfar da ke jikin tawa.

"Rabi! Ajiye marar nan! Ta yarda!"

"Wa ya yarda da mi?"

"Lauyar mana! Ta ce a kawo mata Zulfa ranar Alhamis ta sama. Kuma ko sisi ba ta so."

Ban san lokacin da na rangaɗa guɗa ba. Malmalar tuwo ta kuɓuce ta faɗa cikin toka. Dauda direba ya ce, "Rabi, aure za ki ƙara ne?"

Na ce, "A'a, na wani zan kashe."

Benci ya ɗauki dariya. Ba su san da gaske nake ba.

Zulfa ƙanwata ce, ciki ɗaya, ni na goye ta bayan rasuwar innarmu. Karatuna bai wuce aji uku ba, saboda haka mai karanta wannan ya yi haƙuri, yadda abin ya zauna mini a kai haka nake sauke shi.

Mijinta Badaruddeen fataucin dabino yake yi tsakanin Maraɗi da Jibiya. Ranar da zai yi tafiyarsa ta ƙarshe ya iske ta a ƙofar gida tana ciniki da mai itace, tana dariya. Dariyar nan ce laifinta. Ya shiga ɗaki ya tattara takalmanta kaf ya zuba a buhu ya jefa a mota, sannan ya tsaya gaban uwarsa ya ce wa Zulfa, "In kika taka ƙofar gidan nan ba da iznina ba, ban yafe maki ba, duniya da lahira." Ya tafi. Ba a jima ba aka yi juyin mulki a Nijar, aka rufe boda.

Bayan tafiyarsa ne ƙullutu ya fito mata a nono. Da farko kamar gujiya. Ta kira shi a wayata ta ce tana son zuwa asibiti, ya ce ta jira ya dawo ya kai ta da kansa, boda ce a rufe. Ni kuwa da nake zaune bakin bodar, kullum ina kallon 'yan kabu-kabu suna ratsa gonakin mutane da buhun shinkafa, da akuya, wata rana har da amarya. Mutum ɗaya tak boda ta riƙe, mijin ƙanwata. Da aka buɗe ta, sai ya koma cewa kayansa na hannun duwan, wato kwastan ɗin can. Kafin nan gujiya ta zama ƙwallon goruba.

Uwarsa, Inna Salmatu, cewa take, "Ciwon daji ba ya son ƙarfe. Allura na taɓa shi zai haukace. Kuma ƙaton namiji ne zai buɗe matar ɗana?" Wansa Kalilu, tela ne, a zauren gidan yake ɗinki, shi kuma kullum, "Ni amana aka ba ni." Na je Farfaru wurin Kawu Isah, ya ce, "Rabi, ke naki auren kin kashe, ki bar yarinya ta nemi aljannarta."

Babu kwaɗo a ƙofar gidan nan. Na sha ce mata, "Tashi mu tafi, ko goya ki zan yi." Sai ta girgiza kai.

"Yaya, in na mutu a hanya da maganar nan tasa a wuyana fa? Mi zan ce?"

Ita ce da kanta ta nemo mafita wata rana. Ta ce in babu igiyarsa a kanta, ai babu sauran izninsa. A sake ta, ta je asibiti da zuciya ɗaya. Muka kira shi, ya ce, "Ban saki ba, ba ni kuma saki." Shi ne Maman Sunday ta ce akwai wata lauya a Katsina, Barista Mufida, mai tsaya wa mata, bari ta nemo lambarta.

Washegarin ranar da labari ya zo, da hantsi, muka nufi gidan, ita da tsinken kitso da mai, ni da kwanon tuwo. Kalilu na bisa kekensa.

"Ina kwana, Malam Kalilu. Ya ɗinki?"

"Lafiya lau. Yau kuma mi aka zo yi?"

"Kitso."

"Mijin mutum ba ya gari, kitson mi?"

Maman Sunday ta ce, "Haba Malam, kwarkwata ta san miji ba ya gari?"

Ya ja tsaki ya ci gaba da taka kekensa.

Mun iske Zulfa kwance ta ɓangaren da ba ya ciwo. Ɗakin ya turnuƙe da turaren wuta, don ta ɓoye warin da ya fara fita. Na duƙa na raɗa mata a kunne. Wallahi sai ga ta zaune, ita da sai an ɗaga.

"Mace? Lauya mace? Da baƙar riga da hular audugar nan?"

"Har da ita."

"Wayyo Allah, Yaya! Ni Zulfa za a zaunar a ofis a saurara?"

Ta dafe ƙirji tana dariya tana cije leɓe. Maman Sunday ta tura wayarta ƙarƙashin matashi ta kunna saƙon murya, muka haɗa kai muna ji. Muryar a natse take.

"Hajiya Zulfa, kada ki ji tsoro. Ki zo da abin da ke cikin kanki kawai, yaushe aka ɗaura auren, su wa suka shaida, me ya yi miki, ke kuma me kike so. Abu ɗaya nake roƙo, ki faɗa mini da bakinki, kuma ki kira kowane abu da sunansa. Kunya ba ta cin shari'a."

Zulfa ta kama hannuna. "Kin ji? Hajiya ta ce mani! Sake sa shi."

Muka sake. Muka kuma sakewa, har wayar ta yi zafi.

Maman Sunday ta ce wanda zai je gaban lauya sai ya yi gwaji, kamar yadda suke gwajin waƙa a coci. Ta yafa baƙin hijabin Zulfa, ta ɗauko sabon soson wanka ta kifa a ka, ta hau kan akwati ta harɗe ƙafa tana hura hanci.

"Malama, sunanki?"

"Zulfa Manu."

"Madalla. Sunan mijinki?"

Zulfa ta jawo matashi ta rufe fuska.

"Ƙanin Yaya Kalilu."

"Kotu ba ta san Kalilu ba."

"To, ɗan Inna."

"Kowa ma ɗan inna ne. Ni ma ɗiyar inna ce. Suna nake so!"

"Mai dabino."

Na faɗi ƙasa ina riƙe ciki. A wurinmu mace ba ta kama sunan mijinta. 'Yan boko na yi yanzu, amma mu haka muka tashi, kuma Zulfa ta fi kowa. Tun da aka kai ta gidan nan sunan bai taɓa bi ta bakinta ba, ko a bayan idonsa.

Maman Sunday ta gyara sosonta. "Bi ni a hankali. Ce Ba."

"Ba."

"Da."

"Da... wayyo Yaya, harshena zai karye!"

Daga tsakar gida Inna Salmatu ta ɗaga murya, "Wai kitso ake yi ko biki?"

Na ce, "Kitso ne, Inna. Zafin tsinke ke sa ta dariya."

Ranar ba mu wuce Bada ba. Kitson ma rabi aka yi, don wuyanta ya kasa riƙe kan.

Da na koma ranar Asabar na iske ta a tsakar gida da tsintsiya a hannun hagu, na dama ya kumbura ya rataya kamar ba nata ba. Inna ta ce kwanciya ke ciyar da ciwo. Ta kuma samo sabon magani wurin wani mai magani na Mazanya, baƙin gari da ake kwaɓawa da man shanu. A gabana ta shafa mata. Zulfa ta danna bakin zane a baki don kada Kalilu ya ji ihunta daga zaure. Fatar wurin ta buɗe.

Na ce, "Inna, wannan ai ƙuna ce."

Ta ce, "Zafin shi ne aikin. Ke likita ce?"

Da ta fita, na zauna ina yi wa Zulfa fifita, hawaye na zuba mini. Ta buɗe ido ta ce, "Yaya, jiya na kai Badaru. A bayi na faɗa, na tsorata kaina da kaina." Sai kuka ya koma mini dariya.

A nan ne ta tuna da ƙafa. "To da mi zan je? Da tsinkakken silifas ɗin bayi zan shiga ofis?"

Na karyo tsinken tsintsiya na auna tafin ƙafarta. Ranar Lahadi na shiga kasuwar Jibiya da tsinkena. Na yi niyyar baƙi mai sauƙi, irin na masu jinya. Sai idona ya faɗa kan wani ja, ja wur, mai ɗan tudu a dunduniya da 'yar fure a gaba. Mai takalmin ya rantse na Faransa ne. Na ce ko na garin Ɗan Isa ne, naɗe mini. Na kwantar da shi a gindin ƙwarya, na rufe da leda, na jera fura a bisa.

Kalilu ya leƙa ya ce, "Furar nan ta yi tudu."

Na ce, "Albarka ce, Malam."

Zulfa ta daɗe tana kallon takalmin nan ba ta taɓa shi ba. Sannan ta shinshina shi. Na duƙa na sa mata, muka kama ta ni da Maman Sunday muka miƙar. Rabonta da takalmin kirki tun tafiyarsa. Ta yi taku ɗaya ta yi tangaɗi kamar ɗan maraƙin da aka haifa yanzu. Ta yi na biyu. Can sai ta ture hannunmu, ta ɗaga haɓa, ƙwas, ƙwas, daga gado zuwa ƙofa, daga ƙofa zuwa gado. Ta tsaya gaban akwati ta rusuna.

"Ina kwana, Barista. Ni ce Hajiyar."

Inna ta ce daga waje, "Mi ke ƙara haka a ɗakin nan?"

Maman Sunday ta ce, "Goruba muke fasawa, Inna!"

Muka toshe baki da filo. Zulfa ta zube kan gado tana haki, gumi ya jiƙa ta, ta ƙi yarda a cire takalmin. Da shi ta yi barcin rana.

Kowace rana da abin da muke gyarawa. Mun tuno shaidun ɗaurin aure, muka tarar ɗaya ya rasu, ɗaya ya kurmance. Mun yi gardama a kan tsaraba, don ba a zuwa wurin babban mutum hannu rabbana. Na ce kuka da daddawa, Maman Sunday ta ce za mu sa ofis ɗin mutane wari. Zulfa ta nuna ƙarƙashin gado, inda mijinta ya bar rabin buhun dabino.

"Ku kai mata nasa. Shi ma ya sa hannu a aikin alheri."

Sai gwajin faɗin ciwo. Lauyar soso ta ce, "Ina ke maki ciwo?"

"Wani wuri."

"Wane wuri? Kasuwa ma wuri ce."

"Nan dai."

"Alƙali ba ya rubuta nan dai."

Zulfa ta runtse ido ta ce, "Nono!" da ƙarfi, har keken Kalilu ya tsaya a zaure. Muka yi tsit. Da keken ya ci gaba, sai muka fashe.

Amma jikin kullum baya yake yi. Ranar Talata ta kasa haɗiye tuwo, sai koko. Tari ya zo. In ta yi dariya sai ta daɗe tana neman numfashi, duk da haka ita ke fara tsokana. Na kira mijin a ɓoye na ce, "Badaru, matarka fa tana ƙarewa." Ya ce, "Rabi, kin cika baki. Inna ta ce da sauƙi. Rai ai na Allah ne."

Ranar Laraba da la'asar na ɗaura mata lalle, don ta ce ba ta miƙa wa lauya farin hannu kamar mai takaba. Muna zaune, hannuwa da ƙafafunta cikin leda, sai ta ce, "Yaya."

"Na'am."

"Zuwa Katsinar ma ai fita ce."

Duk mun san haka tun ranar farko. Ba wadda ta ɗaga zancen, kowa na tsoron kada dariyar ta ƙare. Na ce, "Bari lallen ya kama tukuna."

Alhamis da safe Dauda direba ya tsaya da motarsa a bakin lungu. Muka shirya ta cikin atamfar sallarta, zanen ya zagaye ta har ya yi saura. Ta zura jan takalmi ta fito tsakar gida, ƙwas, ƙwas, Maman Sunday na biye da buhun dabino a ka.

Inna Salmatu ta saki ludayi. "Ina zuwa?"

"Katsina, Inna."

"Da iznin wa?"

Zulfa ta wuce ta gabanta. Muka shiga zaure. Kalilu ya ɗauke ƙafa daga keke ya ce, "Ni dai ba ni taɓa matar ƙanina. Amma kin ji abin da ya ce da kunnenki."

Ta je har dokin ƙofa. Ga titi nan, ga rana, ga akuyar maƙwabta na cin takarda. Sai ta tsaya cak.

"Yaya, ba ni wayarki."

Na ce a raina shi ke nan, izni za ta roƙa, zai ce ta jira ya dawo, ta koma ta kwanta.

"Zulfa, don Allah kar ki yi mana haka."

"Kira shi. Ki buɗe murya kowa ya ji."

Na kira. Ya ɗauka, ana jin hayaniyar kasuwa a bayansa.

"Rabi, na gaya maki kayana na hannun duwan, ki bar damuna da..."

"Badaruddeen."

Hayaniyar kasuwa kawai ake ji.

"Wa ke magana?"

"Badaruddeen, ni ce Zulfa."

Inna ta ɗora hannu a ka tana salati. Kalilu ya buɗe baki ya manta ya rufe.

"Ke! Ni kike kira gatsal haka? Wa ya koya maki?"

"Badaruddeen, fita zan yi. Na kira ne don kar ka ji a bakin wani."

"Kin manta abin da na ce? Wallahi ban yafe..."

"Ban manta ba. Da shi nake kwana, da shi nake tashi. Riƙe abinka, in mun je can ma yi bayani, ni da kai."

Ta miƙo mini wayar yana ta magana. Ta kama bakin zane, ta ɗaga jan takalmi ta tsallaka.

Maman Sunday ta yi guɗa. Duk zamanta a cikinmu ba ta iya guɗa ba, tata kamar an taka wutsiyar kyanwa take fita. Ranar ban gyara mata ba, na ɗora tawa a kai.

A mota Zulfa ta zama wata iri. Ta ce a sauke gilashi. Komai ta gani sai ta yi masa magana, sabon gidan mai, jakin da ya ƙi tashi daga titi, matan da ke ɗauke da itace. Jefi-jefi sai ta leƙa ta ce wa iska, "Badaruddeen!" ta koma ta faɗa jikina tana ƙyalƙyala. Dauda ya ce, "Yau kam bawan Allahn nan ya sha atishawa." A wani shinge jami'i ya ƙwanƙwasa but ɗin mota ya ce mi ke cikin buhu. Kafin Dauda ya buɗe baki ta ce, "Dabinon Badaruddeen ne, ranka ya daɗe, ɗebi!" Ya ɗiba kuwa.

Barista Mufida 'yar ƙaramar mace ce cikin hijabi ruwan toka, ba riga ba hula. Zulfa ta gaishe ta yadda muka gwada, sannan ta kasa haƙuri.

"Ranki ya daɗe, ina hular?"

Barista ta yi dariya ta buɗe kabad ta ɗauko ta ba ta. Zulfa ta juya ta, ta shafa, ta ce, "Soson Maman Sunday ya fi ta cika."

Aka fara. Ta faɗi sunanta. Aka ce sunan miji, ta faɗe shi da ƙarfin da sai da mai buga takardu ta leƙo daga ɗaya ɗakin. Ta faɗi ranar aure, ta faɗi shaidu, ta faɗi buhun takalma, ba ta yi tuntuɓe ko ɗaya ba. Ni da Maman Sunday muna taɓa juna da gwiwar hannu kamar iyayen da ɗansu ya yi sauka.

"To me kike so?"

"A sake ni, in samu in je asibiti."

Barista ta ajiye biro. Ta dubi hannun da ya kumbura. Ta ce a rufe ƙofa, ta ce Zulfa ta nuna mata. Da ta gani, sai ta ɗauki makullin motarta.

"Shari'a za ta jira, wannan ba zai jira ba. Hajiya, neman magani ba ya cikin abin da miji ke hanawa. Babu malamin kirki da zai ce ki zauna ki mutu."

Zulfa ta dube ta, ta dube ni.

"To, da ma ba sai an sake ni ba?"

A nan dariyarmu ta tsaya.

Likitar da ta duba ta mace ce. Na so a ce Inna Salmatu na wurin ta ga ƙaton namijin nata. Likitar ta ja ni gefe ta ce, "Ina kuka kai ta tun bara?"

Na ce, "Tana gida."

Ta ce abin ya riga ya shiga huhu. Da tun yana ƙarami ne, da an yi magana.

Barista ta shigar da ƙara. Aka aika wa Badaruddeen sammaci, ya aiko cewa hanya ba kyau. Aka ɗaga. Aka sake aikawa, ya ce zazzaɓi yake. Zulfa na kwance a gadon asibiti, jan takalminta a ƙarƙashi, duk ma'aikaciyar da ta shigo sai ta ba ta labarin ranar Alhamis, tana kwaikwayon muryarsa, "Wa ya koya maki?" har masu jinyar gadon kusa suka haddace. Wata rana na tambaye ta ko maganar tasa na damunta har yanzu. Ta ce, "Na auna, Yaya. Wanda zan je wurinsa ya fi shi yafiya." Ta ɗan huta ta ce, "Kuma kin ga tafiyata cikin takalmin nan? Ko matar gwamna."

Ba ta ga an yanke gero ba. Ta cika da safe, da aurensa a kanta.

Muka kawo ta gidana a Magama. Bodar da ta riƙe mutum tun bara, da duwan, da zazzaɓi, duk suka sake shi a yini ɗaya. Kafin la'asar yana ƙofar gidana cikin farar shadda, ana ba shi hannu. Da aka fito da makara, ina bayan katanga ina ji, liman ya tambaye shi kamar yadda aka saba.

"Malam Badaru, ka yafe mata?"

Ya ce, "Na yafe mata, duniya da lahira."

Maza suka ce madalla, Allah ya yi albarka. Ko numfashi biyu bai ja ba. Kalmar da ta roƙa tun ƙullutun yana gujiya, ga ta nan ya bayar a arha, ga wadda aka naɗe a likkafani.

Ban san na ɗaga murya ba sai da na ji ta. Na ce, "Ita fa? Wa ya tambaye ta ko ta yafe?"

Sai wani ya ce a yi haƙuri da ita, zafin mutuwa ne. Mata suka ja ni ciki. Inna Salmatu na zaune a tabarmata tana gaya wa mutane ta yi jinyar yarinyar nan kamar ɗiyar cikinta. Kalilu ya ce shi amana ya riƙe. Kawu Isah ya ce kwana ne ya ƙare. Na yarda kwana na ƙarewa. Amma a gidan mijinta babu wanda ya ɗaga mata hannu, babu wanda ya sa kwaɗo, kowa ya yi sallarsa a kan lokaci, kuma a gabansu ta ruɓe tana shara. Har yau ba wanda ya ce shi ne. In akwai wata kwance a ɗakinku tana jiran wani ya dawo ya ba da izni, kar ku tsaya gwaji kamar mu, ku sa mata takalmi yau.

Nata yana nan a ƙofar ɗakina. Kullum da safe kafin in ɗauki tukunya in tafi rumfa, nakan duƙa in goge samansa da bakin zanena har furen ya yi ƙyalli. Ƙasan ba na taɓawa. Ƙurar lungunsu na nan maƙale, da ta titin Katsina. Sai in ajiye shi, bakinsa na kallon waje.